Yadda za a iyakance masu shiga ma'ajiyar bayanai ta ofis, mutane da sabobi

Mai Kula da Kwamfutoci ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun makon jiya. Ni ne ke kula da kwamfutocin wani ofishin zanen gine-gine a Kaduna, mai ma'aikata ashirin da takwas. Shekara uku da suka wuce muka sayi na'urar NAS, wato ma'ajiyar bayanai ta bai ɗaya, mai faifai huɗu, muka jona ta da layin sadarwar ofis, domin kowa ya daina yawo da filashi daga tebur zuwa tebur. A lokacin, saboda gaggawa, asusu ɗaya tak na buɗe wa dukkan ma'aikata, da kalmar sirri guda, kuma har yau wannan kalmar tana nan rubuce a wata takarda da aka manne a gefen firinta. A cikin na'urar akwai zanen ayyuka, da takardun kwangila, da jadawalin albashi, da kwafin katin shaida na kowane ma'aikaci, kuma duk wanda ya zauna a gaban kwamfuta a ofishin yana iya buɗe kowanne daga cikinsu, ya gyara ko ya goge.

Ranar Talata da safe aka nemi foldar wani aiki da muka shafe wata biyar muna yi, aka rasa. Na samo mafi yawanta daga wani kwafi da na ɗauka kwana tara kafin nan, amma aikin kwana taran ya salwanta. Da mai gidan ya kira ni ya ce in gaya masa wanda ya goge ta, na buɗe rajistar na'urar a gabansa, sai ga sunan asusun nan guda ɗaya a kowane layi, daga sama har ƙasa. Ban iya cewa wane ne ba, kuma ban iya wanke kowa ba, har da wani matashi da ya ajiye aiki a ƙarshen watan jiya wanda yanzu ake ta zarginsa ba tare da hujja ba. Wannan ya fi asarar fayilolin ci mini rai.

Bayan mutane, akwai na'urori uku da ke shiga ma'ajiyar. Akwai sabar Linux da ke ɗauke da manhajar lissafin kuɗi, wadda na haɗa ta hanyar NFS, wato yaren da na'urorin Linux ke raba fayiloli da shi, kuma na bar izinin a buɗe ga duk wata na'ura da ke cikin ofis domin a lokacin ta ƙi haɗuwa sai da na yi haka. Akwai sabar Windows da na ba wa wani yanki na faifai ta hanyar iSCSI. Sannan akwai tsohuwar na'urar kwafin takardu da ke tura abin da aka yi sikanin ɗinsa kai tsaye zuwa wata folda.

Tambayata ita ce, ta ina zan fara gyara wannan tsari yadda kowane mutum zai ga abin da ya shafi aikinsa kawai, kowace saba kuma ta taɓa rabonta kawai, ba tare da na tsayar da aikin ofis na kwana da kwanaki ba? Shin dole ne in kafa Active Directory, wato tsarin Windows na riƙe asusun kowa a wuri guda, ko kuwa asusun da ake buɗewa a cikin NAS ɗin sun wadatar? Allah Ya saka da alheri.

Injiniyan Sadarwa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya mayar da alheri a kan abin da aka rasa. Zan ɗauki ɓangaren mutane, domin nan ne matsalar da ta same ku ta samo asali, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi.

Abu na farko shi ne kowane ma'aikaci ya samu asusunsa da sunansa, amma kada ka ba wa mutum izini a kan folda da sunansa kai tsaye. Ka kafa rukuni bisa ga aiki, kamar masu zane, da sashen kuɗi, da shugabanni, ka ba rukunin izini, sannan ka zuba mutane a ciki. Dalilin haka ba ya bayyana a watan farko, sai bayan shekara biyu, lokacin da aka sauya wa wani sashe, aka ɗauki sababbi uku, wani kuma ya tafi. Idan izinin yana kan sunaye, sai ka bi folda ɗari kana neman inda ka taɓa sa sunan mutum, kuma tabbas za ka manta wasu. Idan yana kan rukuni, cire shi daga rukunin ya wadatar. Ni a inda nake aiki kowace babbar folda tana da rukuni biyu, na masu karantawa kawai da na masu karantawa da rubutawa, kuma ban taɓa ganin buƙatar na uku ba sai a sashen kuɗi.

Ka lura cewa a SMB, wato yaren da kwamfutocin Windows ke magana da NAS da shi, ƙofa biyu ce mutum ke wucewa. Akwai izinin da ke kan rabon kansa, wato babbar foldar da NAS ke buɗe wa kwamfutoci, akwai kuma izinin da ke kan folda da fayilolin da ke ciki, kuma wanda ya fi tsauri a cikin biyun shi ne ke aiki. Idan rabon ya ce karatu kawai, ko da foldar ta ba mutum cikakken iko ba zai iya rubutawa ba. Mutane da yawa sukan rikice a nan su yi ta ƙara izini a wuri ɗaya alhali katangar tana ɗaya wurin. Abin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne ka bar ƙofar rabon a sassauce ga duk mai asusu, ka yi tsaurin a kan foldoji, yadda wuri guda kawai za ka duba idan wani ya kawo ƙorafi. Izini yana gangarowa daga babbar folda zuwa ƙananan da ke ƙarƙashinta, saboda haka ka tsara foldojin tun daga sama bisa ga waɗanda za su shiga, ka guji yanke wannan gadon a can ƙasa, domin keɓantaccen izinin da aka binne a mataki na shida ba wanda zai tuna da shi. Haka nan ka yi nesa da zaɓin haramtawa. Izinin da mutum ya samu daga rukunai daban-daban haɗuwa yake yi, amma haramci yakan danne izini, sai ka tarar da akawu ya kasa buɗe foldarsa saboda yana cikin wani babban rukuni da aka haramta wa shiga. Rashin ba da izini ya isa hana mutum.

Game da foldar albashi, ka kunna zaɓin da ke ɓoye wa mutum duk foldar da ba shi da izininta. Wannan ba tsaro ba ne a karan kansa, izinin ne tsaron, amma yana rage yawan masu zuwa teburinka suna tambayar me ya sa suke ganin folda ba sa iya buɗe ta.

Yanzu ga abin da zai ba ka wahala ranar sauyi, kuma gara ka sani tun yanzu. Kowace kwamfuta a ofishinku ta haddace tsohon asusun nan a ma'ajiyar kalmomin sirri ta Windows, kuma Windows ba ta yarda kwamfuta ɗaya ta haɗu da saba ɗaya da asusu biyu a lokaci guda, sai ta fito da kuskure mai lamba 1219. Dole ne ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ka cire tsohuwar haɗin, ka goge abin da aka haddace, sannan mai ita ya shiga da sabon asusunsa. Kwamfuta ashirin da takwas aikin yinin Asabar guda ne idan ka riga ka shirya rukunai da foldoji a cikin mako. Kada ka goge tsohon asusun a ranar, ka mayar da shi na karatu kawai na mako ɗaya, domin ka ga wace na'ura ce har yanzu ke amfani da shi ba ka sani ba, daga nan ka kashe shi.

Ita kuwa tsohuwar na'urar kwafin takardu, ina kyautata zaton SMB1 kawai take ji, kuma idan haka ne, ita ce ta sa kuka bar wannan tsohon yare a kunne. Ta kafar SMB1 ne manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu a watan Mayu na 2017, ta shiga ƙasashe sama da 150, ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, duk da cewa Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris na shekarar. Daga ƙarshen 2017 Windows 10 ta daina zuwa da SMB1 a girke, Samba ma, manhajar da Linux ke magana da SMB da ita, ta kashe shi a tsarinta na asali tun fitowar 4.11 a 2019. Ka sa mafi ƙarancin abin da NAS ɗin za ta amsa ya zama SMB2, na'urar kwafin kuma ka ga ko masu ita sun fitar da sabuwar manhaja, in ba haka ba ta riƙa tura sikanin ta imel. Ko ta wace hanya, ka ba ta asusunta na kanta wanda ba ya iya komai sai rubutawa a foldar sikanin.

Maganar Active Directory, ni ina ganin ka kafa, tunda kana da sabar Windows. Mutum zai shiga kwamfutarsa da asusu ɗaya, ma'ajiyar ta gane shi ba tare da ya sake buga komai ba, ranar da ya tafi kuma ka rufe wuri guda.

Ɗan Linux ya amsa:

Abin da Injiniya ya faɗa a kan mutane daidai ne, ba ni da ƙari. Amma Malam, abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin bayaninka shi ne layin nan da ka ce ka bar NFS a buɗe ga kowa. Ko ka gama tsara rukunai da izini a ɓangaren Windows, in wannan ƙofar ta bayan gida tana nan yadda take, aikin banza ka yi.

Dalili shi ne NFS ba ya tantance mutum yadda SMB ke yi. Kamfanin Sun Microsystems ne ya ƙirƙiro shi a 1984, a zamanin da duk na'urorin da ke kan layi ɗaya suna hannun mai kula guda, saboda haka aka gina shi a kan amana. A tsarinsa na yau da kullum, wanda ake kira AUTH_SYS, na'urar da ta zo neman fayil ita ce ke faɗin lambar mai nema, ma'ajiyar kuma ta yarda ba tare da tambayar kalmar sirri ba. Idan fayilolin lissafin kuɗinku mallakar lamba 1000 ne, wadda ita ce lambar da Ubuntu da Debian ke ba wa mutum na farko da aka buɗe wa asusu, to duk wanda ya zo da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Linux, ya jona waya a bango, ya riga ya zama mai waɗannan fayiloli a idon NAS ɗinka. Ba ya ma buƙatar tambayar kowa sunan rabon, umarnin showmount -e zai jero masa.

Saboda haka a NFS na'ura ake iyakancewa. Ka ba sabar Linux adireshin IP tsayayye wanda ba ya cikin waɗanda ake raba wa sauran kwamfutoci, ka cire alamar tauraron da ke nufin kowa, ka rubuta wannan adireshin shi kaɗai. Ka fitar mata da foldar lissafi kawai, ba tushen faifan gaba ɗaya ba. Idan NAS ɗinka tana ba ka damar gyara fayil ɗin /etc/exports da hannu, ka yi hattara da abu ɗaya da ya taɓa cin mini yini guda: kada ka bar tazara tsakanin adireshin da bakan da ke ɗauke da zaɓuɓɓuka. Idan ka bar tazara, tsarin zai karanta layin a matsayin cewa adireshin ya samu izinin asali, zaɓin rubutawar kuma ya tafi ga duniya baki ɗaya, kuma ba lallai ka lura ba domin ga alama komai yana aiki.

Ina kuma zargin cewa ranar da ta ƙi haɗuwa ka kunna no_root_squash, domin shi ne maganin da aka fi samu a intanet. Ka mayar da shi root_squash, wanda ke sauke babban mai iko na sabar zuwa matsayin wanda ba kowa ba, mai lamba 65534. Sai dai kada ka ɗauka hakan ya rufe komai, domin mai iko a kan sabar yana iya rikiɗa zuwa kowace lamba ya karanta fayilolinta. Tunda manhaja ɗaya ce ke amfani da rabon, all_squash tare da anonuid ya fi dacewa da ku, yadda duk abin da ya fito daga sabar zai sauka a matsayin asusu guda da ka ware wa manhajar, wanda ba shi da iko a ko'ina sai foldarsa. Tantancewa ta gaskiya a NFS sai da tsarin Kerberos, inda krb5 ke tabbatar da mai nema, krb5p kuma ke ɓoye bayanan a kan hanya, amma ga saba ɗaya a ƙaramin ofis ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyi ba. Kuma kada ka fitar da folda ɗaya ta NFS da SMB a lokaci guda, domin tsarin izininsu da yadda suke kulle fayil ba iri ɗaya ba ne.

Shi iSCSI wani abu ne daban. Ba fayil yake bayarwa ba, ɗanyen faifai yake miƙa wa saba, sabar ta tsara shi yadda take so. NAS ɗin ba ta san abin da ke ciki ba, saboda haka babu wani izinin folda da zai kare shi daga ɓangarenta. Duk wanda ya haɗu da shi ya samu faifan sukutum. Ka ɗaure wannan yanki ga IQN na sabar Windows kaɗai, wato sunan da take gabatar da kanta da shi a iSCSI, amma tunda IQN rubutu ne da kowa zai iya kwaikwaya, ka ƙara CHAP da kalmar sirri, wadda Windows ke so ta kasance tsakanin harafi 12 zuwa 16. CHAP yana tantancewa ne kawai, ba ya ɓoye bayanan da ke wucewa. Ɗaurewar tana kuma kare ka daga kuskure, ba daga ɓarawo kaɗai ba, domin idan saba biyu suka ɗora faifan NTFS ɗaya a tare, kowacce tana rubutu kamar ita kaɗai ce, kuma faifan zai lalace ba tare da kowa ya yi niyyar ɓarna ba.

Abin da zai sa duk wannan ya tsaya da ƙafarsa shi ne raba hanya. Yawancin NAS masu faifai huɗu suna da ramin waya biyu. Ka bar na farko ga ma'aikata, a buɗe ƙofa 445 ta SMB kawai, na biyun kuma ka sa shi a VLAN na daban, wato keɓaɓɓen sashe na layin sadarwa, ko ƙaramin suwic da ba kowa a kansa sai sabobin biyu, inda ƙofa 2049 ta NFS da 3260 ta iSCSI za su amsa. Da haka ko wani ya saci adireshin sabar lokacin da take kashe, ba shi da wayar da za ta kai shi.

Mai Binciken Lissafi ta amsa:

Injiniya, ka yi mini afuwa, ban goyi bayan a fara da Active Directory ba a wannan ofis. Aikina yana kai ni ƙananan ofisoshi irin wannan, kuma abu biyu nake yawan tararwa. Na ɗaya, rabin kwamfutocin Windows Home ne a kansu, wanda ba ya shiga domen, wato rukunin kwamfutocin da ke ƙarƙashin Active Directory, sai an sayi lasisin Pro. Na biyu, wuta. Kerberos, wanda domen ke tantance mutane da shi, ba ya amsar bambancin agogo da ya wuce minti biyar a tsarinsa na asali, kuma na taɓa zama a wani ofis daga safe har azahar ba wanda ya iya buɗe fayil, saboda an ɗauke wuta da dare, ƙaramin batirin agogon sabar ya mutu, ta tashi da kwanan watan shekarun baya. Da saba ɗaya tak mai riƙe da domen, duk ranar da ta kwanta ma'ajiyar ma ta kwanta. Mutum ashirin da takwas ba su fi ƙarfin asusu da rukunan cikin NAS ba. In an samu saba ta biyu da UPS mai ƙarfi, sai a ƙaura, kuma rukunan da aka tsara yanzu su ne za a kwafa.

Abin da nake so Malam ya ƙara shi ne takarda. Ba mai kula da kwamfuta ne ya kamata ya yanke wa zai ga albashi ba. Ka rubuta jadawalin foldoji da rukunai a shafi ɗaya, mai gidan ya sa hannu, duk sauyi kuma ya zo a rubuce daga shugaban sashe. Ka sa rufe asusu a cikin takardar sallamar ma'aikaci, a layi ɗaya da karɓar makullin ofis. Kai ma ka riƙe asusu biyu, na aikin yau da kullum da na gudanarwa, ka kashe asusun admin da na'urar ta zo da shi. Ka kunna rajistar da ke rubuta wa ya buɗe, wa ya goge, kuma a riƙa tura kwafinta zuwa wata na'ura, domin rajistar da ke zaune a inda mai laifi ke da iko ba ta zama hujja.

Tunda kuna ajiye katin shaida da albashin mutane, dokar kare bayanan sirri ta Nijeriya da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023 ta shafe ku. Ta wajabta ɗaukar matakan kare irin waɗannan bayanai, kuma idan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72. Wanda ke da asusu ɗaya ga kowa ba zai ma san sun fita ba. Wannan hujjar takan sa shugabanni su saurara idan suka ce sabon tsarin yana ɓata musu lokaci. Game da matashin da ake zargi kuwa, ina roƙonka ka gaya wa mai gidan a fili cewa rajistar ba ta nuna kowa ba, domin mutum ashirin da takwas ne ke da wannan kalmar sirri, har da duk baƙon da ya taɓa tsayawa kusa da firinta.

Mai Kula da Kwamfutoci ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Ɗan Linux, zarginka gaskiya ne, na duba na tarar da tauraro da no_root_squash duka biyun, kuma tushen faifan na fitar. Na gyara su jiya bayan an tashi, manhajar lissafin ta ƙi rubutawa na ɗan lokaci har sai da na mayar da mallakar foldar ga sabon asusun da na ware mata. Hajiya, na ƙirga, kwamfuta goma sha ɗaya ne ke da Windows Home, don haka zan bi shawararki a yanzu, kuma na riga na yi wa mai gidan maganar yaron.

Saura abu biyu. Kwafin ko-ta-kwana da nake ɗauka yana kan wani faifai da ke jone da sabar Windows, kuma sabar tana ganin NAS ɗin da asusun gudanarwa. Shin wannan ya yi? Sannan mai gidan yana so ya riƙa buɗe zane daga gida ko daga wurin gini, har ya ce in buɗe ƙofar na'urar a kan rawutar ofis kamar yadda wani abokinsa ya yi.

Injiniyan Sadarwa ya sake amsawa:

Hajiya ta fi ni gaskiya a kan domen, tunda kwamfuta goma sha ɗaya ba za su shiga ba, na janye.

Tsarin kwafinka bai yi ba, Malam. Manhajar garkuwa da bayanai tana aiki ne da ikon asusun da ta kama, kuma a halin yanzu duk abin da ya kama sabar Windows ya samu NAS ɗin da kwafin a lokaci guda. Ka buɗe wa aikin kwafi asusu na musamman mai karatu kawai a kan ma'ajiyar, yadda na'urar da ke ajiye kwafin ko-ta-kwana ce za ta zo ta ɗauka, ita kuma ma'ajiyar da kwamfutocin ma'aikata ba su da hanyar rubutawa a inda aka ajiye. Ka sami faifai biyu kana musanya su, ɗaya yana jone ɗaya yana cikin akwati a wajen ofis, kuma a ɓoye abin da ke cikinsu da kalmar sirri tunda albashi yana ciki. Faifai huɗun da ke cikin NAS, ko da RAID ne, mutuwar faifai kawai suke karewa. Abin da aka goge ya goge a kansu duka.

Abin da zai hana maimaituwar asarar ranar Talata shi ne hoton-lokaci, wanda ke adana yadda foldoji suke a wani sa'i ba tare da cin wuri mai yawa ba. Idan na'urarka tana kan Btrfs ko ZFS tana da shi. Ka sa ta ɗauka kowace awa a lokacin aiki, ta riƙe na kwana talatin, kuma kada kowane asusun ma'aikaci ko na saba ya sami ikon goge su. Da yana kunne, aikin awa ɗaya za ku rasa maimakon na kwana tara. Sau ɗaya a wata ka gwada dawo da folda guda daga hoton da kuma daga faifan waje, domin ka tabbatar suna buɗuwa.

Buɗe ƙofa a kan rawuta kuwa, kada ka yarda, ko ta 445 ko ta shafin gudanarwa. A watan Janairu na 2022 manhajar DeadBolt ta kulle dubban na'urorin NAS na kamfanin QNAP da ke fuskantar intanet kai tsaye, tana neman 0.03 na bitkoyin a kan kowacce, kuma kafin ita an yi Qlocker a 2021 da SynoLocker a kan na'urorin Synology a 2014. Masu wannan aiki ba sa zaɓen ƙasa ko girman ofis, adireshi suke bi ɗaya bayan ɗaya. Ka kashe UPnP a rawutar da NAS ɗin, domin yana iya buɗe ƙofa da kansa ba ka sani ba. Ka girka wa mai gidan VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga layin ofis daga waje, WireGuard ya isa, da makulli daban ga kowace na'urarsa, yadda in wayarsa ta faɗi a wurin gini za ka soke makullinta kaɗai. Bayan ya shigo ta VPN ɗin ma da asusunsa zai buɗe ma'ajiyar, kuma ina ba da shawarar asusun da zai riƙa amfani da shi daga waje ya zama na karanta foldar zane kawai. Idan kamfanin da ke ba ku intanet bai ba ku adireshi na fili ba, ka faɗa mini irin rawutar da kuke da ita, sai in nuna maka yadda za a bi ta wata ƙaramar saba ta haya.